Baƙon da Ya Zo Cikin Kututture: Tarihin Ƙwaron da Ke Cinye Dabinon Turai

A shekarar 2001, masu rainon itatuwa a lardin Girona, can arewa maso gabashin Sifaniya, suka shiga ganin wani abu da ya ɗaure musu kai. Itatuwan dangin dabino da suke tattalinsu, ga ruwa ga taki, sai sabon ganyensu ya riƙa fitowa da huji a jere reras, wani gari mai ruwan ƙasa kuma yana taruwa a gindin rassa. Wasu suka karkace, wasu suka bushe daga sama. Da aka tsaga kututturen waɗanda suka mutu, sai aka tarar da cikin duk ramuka ne, kuma a cikin ramukan ga fararen tsutsotsi ɓul-ɓul, suna ta aikin ci.

A wannan shekarar dai aka ga uwar tsutsotsin tana shawagi a kusa da garin Hyères na kudancin Faransa, garin da ya yi suna a duk Turai saboda dubban itatuwan dabinon ado da ke titunansa. Ƙatuwa ce, mai fukafukai masu launin ruwan goro, tana tashi da rana tsaka. Masana suka duba littattafai suka gane ta. Sunanta a wurinsu Paysandisia archon, kuma gidanta na asali yana can Kudancin Amurka, tsallaken Tekun Atalantika. Ba da fukafukinta ta ƙetare wannan teku ba. Mutane ne suka kawo ta, da kuɗinsu, a cikin jiragen ruwa, ba tare da sun san me suka ɗauko ba.

Asalinta

Tsakanin kogin Paraná da kogin Yurugwai akwai wani lardi na Ajantina da ake kira Entre Ríos. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ciyawa, wadda ta shahara da kiwon shanu, kuma a cikinta akwai dazuzzukan itatuwan dangin dabino iri biyu. Ɗaya shi ne yatay, dogo mai ganye a lanƙwashe, wanda gwamnatin Ajantina ta keɓe masa gandun daji na musamman mai suna El Palmar tun shekarun 1960. Ɗayan shi ne caranday, gajere mai taurin ganye, wanda kututturensa ke lulluɓe da zaruruwa da ƙayoyi. A jikin waɗannan itatuwa ƙwaron yake rayuwa tun fil azal, a Ajantina da Yurugwai da Faragwai da kudancin Barazil.

A can gida ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yana da wuyar gani ma, har masu tara ƙwari suna murna in sun samu guda. Itatuwan daji a warwatse suke, kuma sun daɗe suna zaman tare da shi, don haka yakan ci rabonsa itacen ya ci gaba da rayuwa.

Wanda ya fara rubuta shi a littafin kimiyya Bajamushe ne, Hermann Burmeister, wanda aka haifa a 1807, ya bar ƙasarsa ya koma Ajantina, ya shugabanci gidan tarihin halittu na Buenos Aires daga 1862 har zuwa rasuwarsa a 1892. Wajen shekarar 1880 ya bayyana siffar ƙwaron ya sa shi cikin jinsin Castnia. A 1918 wani Bafaranshe, Constant Houlbert, da ya sake nazarin dangin gaba ɗaya, ya ware shi ya ba shi jinsi nasa na kansa, ya kuma samo sunan daga Paysandú, wani gari na Yurugwai da ke bakin kogi.

A wannan garin ne aka fara ganin abin da ƙwaron zai iya. A ƙarshen shekarun 1920, ya yi yawa a Paysandú ya auka wa itatuwan ado da aka kawo daga wasu ƙasashe aka dasa a lambuna da dandali, ya yi musu ɓarna. Wani masanin ƙwari, Fernando Bourquin, ya bi rayuwarsa ya rubuta ta a farkon shekarun 1930. Darasin a fili yake: in ƙwaron ya samu itatuwan da ba su san shi ba, an tara masa su wuri ɗaya, to halinsa yakan canza. Amma rubutun ya kwanta a mujallun masana, annobar ta lafa, kusan shekara 70 babu wanda ya sake tuna shi.

Faɗa-wuta mai son rana

A lissafin masana, ƙwaron ɗan gidan faɗa-wuta ne, wato ƙwarin nan masu fukafukai da ke zuwa wa fitila da dare. Sai dai shi ba ruwansa da dare ko fitila. Danginsa, waɗanda ake kira Castniidae, kusan iri 200 ne, mafi yawansu a Kudanci da Tsakiyar Amurka, kaɗan a Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya, kuma da rana suke harkarsu. Cikinsu akwai wanda ke huda rake a Barazil, akwai kuma wanda ke cin kwakwar manja da kwakwar Attagara a yankin Amazon. Gida ne na mahuda.

Wanda ya gan shi karon farko zai rantse malam-buɗe-littafi ne. In ya buɗe fukafukai, faɗinsa kan kai santimita 9 zuwa 11, macen ta fi namijin girma. Fukafukan gaba masu duhu ne, ruwan ƙasa da ya ɗan ja zuwa kore, ta yadda in ya sauka a busasshen reshe ya rufe jikinsa sai ya saje. Na baya kuwa ruwan goro ne mai haske, da baƙar ɗamara a tsakiya, a cikin ɗamarar kuma ga fararen ɗigo a jere. Ƙahonninsa na ji suna da ɗan kumburi a ƙarshe, irin na malam-buɗe-littafi sak.

A Turai yakan fara fitowa daga tsakiyar watan Mayu har zuwa Satumba, ya fi yawa a Yuni da Yuli. Sai rana ta take, zafi ya kai zafi, sannan yake tashi, kuma tashi yake da ƙarfi da sauri. Namijin yakan zaɓi wani ganye ko reshe da rana ke duka, ya zauna ya mai da wurin yankinsa. Duk abin da ya gitta sai ya bi shi. In wani namiji ne, su yi ta kora da zagaye a sama har ɗaya ya haƙura, mai wurin ya dawo inda ya tashi. In mace ce, sai su tashi tare, ta sauka, ya sauka kusa da ita, a yi barbara. Galibi sau ɗaya macen ke yin barbara a rayuwarta, kuma rayuwar ba ta da tsawo: mako biyu zuwa uku ne, da kitsen da ta tara tun tana tsutsa take rayuwa.

Akwai wani abu a wannan neman aure da ya zama babbar matsala daga baya. A yawancin dangin faɗa-wuta, mace ce ke sakin wani sinadarin ƙamshi da iska ke ɗauka, namiji ya shaƙo shi daga nesa ya biyo cikin duhu. Masana sun daɗe da koyon haɗa irin wannan ƙamshi a ɗakin gwaji su sa a tarko, su kama maza tuli. Víctor Sarto i Monteys, masanin ƙwari na Kataloniya wanda ya fi kowa bin diddigin wannan baƙo, shi da abokan aikinsa suka binciki jikin macen, suka bayyana a 2012 cewa ba ta da wannan kira na nesa. Da ido ake ganin juna. Namijin ne ma ke da ƙamshi a ƙafafunsa na tsakiya, wanda yake gogawa a ganyen da ya zauna. Wato makamin da aka saba cin irin waɗannan ƙwari da shi, a nan bai da wurin kamawa.

Shekara guda cikin duhu

Bayan barbara, macen takan bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Tana da wani bututu a ƙarshen cikinta wanda take miƙawa ya yi tsawon santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, da shi take tura ƙwai cikin zaruruwan da ke gindin rassa, kusa da ƙoƙuwar itacen. Ba ta tara su wuri ɗaya, ɗai-ɗai take ajiyewa. Ƙwan dogo ne mai tsini a kai biyu, tsawonsa bai cika milimita 5 ba, da zane-zane a jikinsa daga kai zuwa kai. Mace ɗaya kan ɗauki ƙwai wajen 140. Cikin kwana 12 zuwa 21, gwargwadon zafin gari, sai su ƙyanƙyashe.

'Yar tsutsar tana fitowa, da ɗan jaja-jaja a jikinta, ba ta ɓata lokaci a waje. Nan take take kutsawa ciki, kuma daga ranar ba za a sake ganinta ba sai ta gama girma. Da farko takan ci ganyen da bai buɗe ba tukuna, wanda ke naɗe a tsakiyar kai. Tun da a naɗe yake, huji ɗaya da ta yi yakan ratsa ninki da yawa, shi ya sa in ganyen ya fito ya buɗe bayan makonni sai a ga hujin a layi, daidai wa daida. Mai lambun da ya ga wannan alama ya ga tsohon labari ne, don mai aikin ta riga ta yi ƙasa.

Daga nan sai kututture. Takan haƙa dogayen ramuka a cikin naman itacen mai laushi, tana ci tana turo tukar waje, tana saɓa har sau takwas kafin ta kai iyakar girmanta, wajen santimita 9, fara sol mai kai ruwan ƙasa, da 'yan gajerun ƙafafu a gaba. Ba ta son maƙwabtaka. In biyu suka haɗu a rami ɗaya, babbar kan cinye ƙaramar. Sanyin hunturu ba ya kashe ta, don kututturen ya zame mata bargo. Sarto i Monteys da Lluís Aguilar, a dogon nazarin da suka wallafa a 2005, sun nuna cewa wasu tsutsotsin kan yi wata goma da rabi a ciki, wasu kuma su zarce har wata 18 da rabi, su ga hunturu biyu. Kusan duk rayuwar ƙwaron ke nan. Fukafukan nan masu kyau na 'yan makonni ne kawai.

In lokaci ya yi, sai tsutsar ta matso kusa da bawo, ta tattara zaruruwan itacen ta ɗinke su da silikin bakinta, ta yi wa kanta kwanso mai tsawon kusan santimita 6, wanda launinsa ya yi daidai da jikin itacen har ido ba ya rabewa. A ciki take rikiɗa, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Ranar fita, sai ta murgina ta turo rabin jikinta waje, ɓawon ya tsage, sabon ƙwaro ya fito ya rataye har fukafukansa su bushe. Ɓawon da ya bari, ruwan zuma, a maƙale a jikin kututture, shi ne shaidar da ba ta da musu.

Abin da ya sa ɓarnar take kisa yana cikin halittar itacen kansa. Mangwaro ko darbejiya, in aka sare musu kai, sai su yi toho ta gefe. Dabino da giginya da duk danginsu ba haka suke ba. Kowane kututture ido ɗaya gare shi, wato wurin tsiro guda a tsakiyar ƙoƙuwa, daga nan kowane sabon ganye ke fitowa. Kuma ba sa cike rauni da sabon nama. Ramin da tsutsa ta haƙa ya zauna ke nan, ruwa da ruɓa su bi ta ciki. In ramukan suka kai ga idon, kututturen ya mutu, ko da ganyen waje zai ci gaba da zama kore na wani lokaci. Babban itace kan jure shekara biyu zuwa huɗu ana cinsa. Ƙarami kuwa, tsutsa kaɗan sun ishe shi.

Yadda ta ƙetare teku

A shekarun 1980 da 1990 gaɓar Bahar Rum ta Turai ta cika da gine-gine: otal-otal, gidajen hutu, sababbin unguwanni, tituna masu shataletale. Kowa yana son dabinon ado a ƙofarsa, kuma ba wanda ke son jira. Irin waɗannan itatuwa suna da nawar girma, wanda aka shuka daga ƙwallo sai ya yi shekaru da dama kafin ya kai tsayin mutum. Dillalai suka gano hanya mai sauƙi. A Ajantina ga manyan itatuwa nan a daji da makiyaya, masu filaye ma suna neman a rabu da su. Sai a tono su, a rage musu ganye da saiwa, a loda a jirgi. Dangin dabino suna jure dashe ko sun tsufa, don haka mai kuɗi zai iya sayen itace mai shekara 50 a dasa masa yau, gobe ya sha inuwa.

Haka aka yi ta jigilar yatay da caranday daga Entre Ríos zuwa Sifaniya da Faransa da Italiya a cikin shekarun 1990. Jami'in da ke duba kaya a tashar jiragen ruwa zai duba ganye, ya duba ƙasar da ke jikin saiwa, ya ga komai lafiya. Tsutsar tana can ciki, ba ta motsi a waje, ba ta da wari, kuma a lokacin sunanta ba ya cikin jerin ƙwarin da doka ta ce a nema. Tafiyar makonni a teku ba komai ba ce ga abin da ke iya zaman shekara ɗaya da rabi a rufe.

Da itatuwan suka sauka, ba a kai su daji ba. An kai su gandayen raino, inda aka jera su kafaɗa da kafaɗa da dubban 'yan'uwansu daga Sin da Amurka da Tsibiran Kanariya. Ƙwaron da ya fito a nan ya tarar da abinci iri-iri, babu maƙiyan da ya baro a gida, ga yanayi mai kama da na ƙasarsa. Daga gandayen kuma aka ci gaba da sayar da itatuwa zuwa ko'ina, kowane da abin da ke cikinsa. Kafin a farga a 2001, ya riga ya yi shekaru yana hayayyafa.

Daga nan labarin ya zama na lissafin ƙasashe. A 2002 aka gan shi a Italiya, a wannan shekarar kuma aka ga guda ɗaya a wani lambu a kudancin Ingila. Ya shiga yankin Balensiya da tsibirin Mayorka. A 2006 ya bayyana a Girka, har da tsibirin Kirit, daga baya Kuburus da Sulobeniya da Kuroshiya. A 2006 ɗin ne Ƙungiyar Kare Tsirrai ta Turai da Bahar Rum ta sa shi cikin jerin ƙwarin da ya kamata a killace, a 2009 kuma Tarayyar Turai ta sa shi a dokarta. Masu bincike a kudancin Faransa sun taɓa manna wa ƙwarin 'yan na'urorin rediyo don su bi sawunsu, suka ga mazan ba sa nisa, matan kuwa sukan yi ɗaruruwan mita a tashi guda. Wannan ya isa ya kai shi daga lambu zuwa lambu. Tsallaka ƙasa da teku kuwa aikin manyan motoci ne da jirage.

Ɓarnar da ya yi

Wanda ya fi shan wuya shi ne wani itacen ado ɗan asalin Sin, Trachycarpus fortunei, mai kututture lulluɓe da gashi, wanda Turawa ke so saboda yana jure sanyi. Gashin nan ya zame wa macen wurin ajiye ƙwai da babu kamarsa. A Montpellier da kewayenta, cikin 'yan shekaru, mafi yawan waɗannan itatuwa suka mutu, titunan da aka san su da su suka koma fayau. Masu gidaje da suka kashe kuɗi don ƙawa suka koma biyan wasu kuɗin don a sare a kwashe. Garin neman gira aka rasa ido.

Itacen ado dai ana iya sayen wani. Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne na daji. Nahiyar Turai duka iri biyu kacal gare ta na dangin dabino da suke nata na asali. Ɗaya shi ne Chamaerops humilis, gajere mai fitowa cunkus a duwatsun gaɓar Sifaniya da kudancin Italiya da tsibirai, wanda mutanen Mayorka ke saƙa kwanduna da huluna da ganyensa kamar yadda ake saƙa kaba a ƙasar Hausa. Ɗayan shi ne dabinon Kirit, wanda babban kurminsa ke Vai a gabashin tsibirin. Ƙwaron yana cin duka biyun. A Mayorka ya fita daga lambuna ya shiga tsaunuka, inda babu mai bi itace-itace yana dubawa, kuma babu yadda za a yi wa daji guda feshi. Abin da ke ɗan taimakon gajeren shi ne yana fitar da kututture da yawa daga gindi ɗaya, in wasu sun mutu wasu su tsira.

Dabinon ci ma bai tsira ba. A Elche, kudu maso gabashin Sifaniya, akwai kurmin dabino mafi girma a Turai, mai itatuwa wajen 200,000, wanda tsarin ban-ruwansa ya samo asali tun zamanin Musulmin Andalus, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Masu kula da shi sun shiga sintiri ba dare ba rana.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A daidai wannan zamani wani maƙiyin ya shigo ta wata ƙofar: jan ƙwaron dabino mai dogon baki, ɗan asalin kudancin Asiya, wanda ya bi ta ƙasashen Larabawa ya isa Masar a 1992, ya bayyana a kudancin Sifaniya jim kaɗan bayan haka cikin manyan dabinai da aka sayo. Shi ya fi son dabinon Kanariya mai ƙaton kai, yana kuma kashewa da sauri. Akan samu su biyun a itace ɗaya. Masu lambu suka koyi rabe su: tsutsar jan ƙwaron ba ta da ƙafa ko ɗaya, ta faɗa-wutar kuwa tana da su.

Yaƙin da ake yi

Maganin feshi na yau da kullum bai cika kai wa ga abin da ke cikin kututture ba, sai an jiƙa ƙoƙuwar sharkaf, an kuma maimaita a duk lokacin da ƙwai ke ƙyanƙyashewa. Ga shi yawancin itatuwan a cikin gari suke, bakin makarantu da wuraren shan iska. Faransa ta hana hukumomi amfani da magungunan ƙwari masu guba a wuraren jama'a daga 2017, ta hana masu gidaje daga 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana fesa wasu manyan magunguna a fili a 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma. Dole aka nemi wasu dabaru.

Wadda ta fi karɓuwa ita ce tura wa tsutsar nata maƙiyin. Akwai wasu mitsi-mitsin tsutsotsin ƙasa, Steinernema carpocapsae, da ido ba ya gani, ana sayar da su miliyoyi a ƙunshi. Mai lambu zai dama su a ruwa, ya hau tsani da yamma in rana ta yi sanyi, ya kwarara a tsakiyar kan itacen har ruwan ya bi ramuka. In suka samu tsutsar sai su shige jikinta su saki ƙwayoyin cuta, ta mutu cikin kwanaki kaɗan. Rauninsu shi ne ba sa jure zafi da bushewa, don haka sai an yi ta maimaitawa. Akwai kuma wata funfuna, Beauveria bassiana, da ake barbaɗawa a ƙoƙuwa, tana kama ƙwai da ƙananan tsutsotsi. A cibiyar binciken noma ta Faransa da ke Montpellier, Jean-Benoît Peltier ya haɗa wani irin danƙo daga man tsirrai da ake shafe saman kututture da shi sau ɗaya a shekara, ya hana mace ajiye ƙwai, ya kuma ɓata fukafukan wanda ke ƙoƙarin fitowa. Masu ƙananan itatuwa kan rufe su da raga tun daga Mayu har Satumba. Wasu kuma suna zama da ragar kamu a hannu da tsakar rana, suna jiran mace ta sauka.

Duk waɗannan suna ceton itace ɗaya-ɗaya, in mai shi yana da kuɗi da naci. Ba su kori ƙwaron daga ƙasa ba. Itace guda da aka yi sakaci da shi a kangon gida ya isa ya cika unguwa. Wanda ya riga ya lalace kuwa, sai an sare shi an niƙa kututturen ko an ƙone, don in aka yar da shi a juji tsutsotsin za su ƙarasa girmansu a ciki su fito. A yau hukumomin kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya sun daina maganar kawar da shi, suna maganar rage ɓarna ne, kuma garuruwa da yawa sun koma dasa wasu itatuwan daban.

Cinikin da ya kawo shi kuwa bai tsaya ba, kuma inda ya je ƙwaron na biye. Da Rasha ta shirya wasannin Olamfik na hunturu a Sochi a 2014, an ƙawata garin da manyan itatuwa da aka sayo daga gandayen Turai, kuma a wannan shekarar aka fara ganin ƙwaron a can, daga nan ya bazu a gaɓar Baƙin Teku. A 2023 ya bayyana a kudancin Suwizalan.

Masu noman dabino a Arewacin Afirka suna sa ido, don abokin tafiyarsa ya riga ya nuna hanya. Jan ƙwaron ya isa Tanja ta Maroko a 2008, ya shiga Tunisiya a 2011, a ƙarshen 2015 kuma aka same shi a Tidjikja, tsakiyar hamadar Muritaniya. A can an yi sa'a an gan shi da wuri, manoma da gwamnati da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka taru suka killace kurmin, suka hana fitar da 'ya'yan dashe, suka kafa tarkuna masu ƙamshin kira har aka shawo kansa. Irin wannan tarko ba ya aiki a kan Paysandisia. Ga ƙasashen da ke da dabino a Kawar da Ayar da Jigawa, kuma suke shigo da irin dashe da itatuwan ado daga waje, matakin da Turai ta ɗauka bayan ta sha wuya shi ne wanda ya rage: a san gandun da kowane itace ya fito, a fifita ƙananan tsirrai a kan manyan da aka tono, wanda ya shigo kuma a tsare shi cikin raga har tsawon shekara biyu, wanda ya zarce iyakar zaman da tsutsar ke iya yi a ciki, kafin a bari a dasa shi kusa da gona.